Da gaske ne jariri yana da sha'awa, kamar yadda Freud ya ce?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce mai karatun ilimin halayyar ɗan Adam, kuma uwa. An koya mana a aji cewa Sigmund Freud ya ce da sha'awa ake haihuwar mutum, wai har shan nonon jariri yana cikinta. Maganar ta tsaya mini a rai, domin ɗana ya kai shekara 3 bai daina tsotson yatsa ba. Shin gaskiya ce? Akwai abin damuwa game da yaron?

AMSA: Malama, kwantar da hankalinki. Tsotson yatsa a shekara 3 ruwan dare ne, yawancin yara suna bari da kansu tsakanin shekara 2 zuwa 4. Yaro ne yake lallashin kansa idan barci ko gajiya ko tsoro ya zo. Likitocin haƙori sun fi damuwa idan abin ya kai lokacin fitowar haƙoran girma, wajen shekara 6, don yana iya turo na gaba waje. Kada a yi masa tsawa ko gori, ba sa hana komai.

Shi kuwa Freud, likitan jijiyoyi ne da aka haifa a 1856, ya yi aikinsa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya rasu a Landan a 1939, shekara guda bayan ya guje wa 'yan Nazi. A 1905 ya fito da wannan ra'ayi. Abin da ya kira libido shi ne ƙarfin da yake tura mutum neman daɗi ta jikinsa, kuma bai ce jariri yana jin abin da baligi yake ji ba. Amma kada mu wanke shi fiye da kima: ya dage cewa tushen ɗaya ne, daɗin tsotso shi ne yake rikiɗa ya zama sha'awar balaga. A kan wannan dagewa ya ɓata da manyan abokan aikinsa, Alfred Adler a 1911, Carl Jung a 1913. Jung yana ganin libido kuzarin rai ne gaba ɗaya, bai tsaya kan sha'awar jima'i ba.

A tsarin Freud wannan ƙarfi yana yin ƙaura a jiki. Yana farawa a baki, ya koma wajen bahaya lokacin da ake koya wa yaro zaman fo, sannan tsakanin shekara 3 zuwa 6 ya koma al'aura, inda ya ce yaro namiji yana kishin mahaifinsa a kan mahaifiyarsa. Daga nan sai abin ya lafa har balaga. Wanda aka ƙuntata wa ko aka sangarta a wani mataki, in ji shi, wani sashe nasa yana maƙalewa a can. Misalin da ya fi shahara shi ne mutum mai rowa da taurin kai da tsananin son tsari, wanda ake danganta halinsa da horon fo. An bincika. Halayen nan uku kan haɗu a mutum ɗaya, amma ba a samu tabbacin cewa horon fo ne ya haife su ba.

Matsalar tana wajen hujja. Kusan duk abin da Freud ya faɗa game da yara daga bakin manya ya samo shi, majinyatansa masu tuna ƙuruciyarsu. Yaro ɗaya da ya yi fice a rubutunsa shi ne wanda ya laƙaba wa suna Hans, ɗan shekara 5, a 1909. Yaron yana tsoron doki zai cije shi, har ya ƙi fita titi. Freud ya ce dokin yana wakiltar mahaifin yaron ne: baƙin da ke bakin dokin gashin baki ne, abin rufe gefen idonsa kuma tabarau ne. Alhali yaron da bakinsa ya ce tsoron ya fara ne ranar da ya ga dokin da ke jan babban keke ya faɗi a titi yana shure-shure. Ga shi kuma uban, wanda mabiyin Freud ne, shi yake yi wa yaron tambayoyin yana aika wa Freud amsoshin. Sau ɗaya Freud ya ga yaron a lokacin jinyar. Ni dai bayanin yaron ya fi gamsar da ni. Masanin falsafa Karl Popper ya taɓo inda ke ciwo: idan ka amsa an ce ka tabbatar, idan ka musa an ce ka danne abin a zuci, to ra'ayin da ba a iya ƙaryata shi ta kowace hanya yaya za a gwada shi?

Masanin al'adun al'umma Bronislaw Malinowski ma ya kawo nasa ƙalubale a 1927 daga tsibiran Trobriand da ke kusa da Niyu Gini, inda iko a kan yaro yake hannun kawu. Ya ce a can haushin yaro kan kawun yake sauka, wanda ke nuna rigimar ta iko ce. An daɗe ana jayayya a kan wannan.

Abin da ya fi rusa maganar shan nono shi ne gwajin masanin halayya Harry Harlow a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, wanda ya bayyana a 1958. Ya raba 'ya'yan birai da iyayensu, ya ajiye musu uwayen ƙarya biyu, ɗaya ta waya mai ɗauke da kwalbar madara, ɗaya an lulluɓe ta da tattausan ƙyalle ba madara. Ɗan birin zai je ya sha a wajen ta waya, ya dawo da sauri ya ƙanƙame ta ƙyalle, a nan yake wuni. Idan aka tsorata shi, wajenta yake ruga. (Gwaji ne na rashin tausayi, yau da wuya a amince da irinsa.) John Bowlby, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila wanda shi kansa a kan tafarkin Freud ya taso, ya kai ga irin wannan matsayi bayan nazarin yaran da suka rasa gida, wanda ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1951. Jariri mutum yake nema, jikin da zai raɓa ya ji aminci. Wannan buƙata ce mai zaman kanta, ba reshen yunwa ko sha'awa ba ce. A nan nake tsaye, kuma a nan yawancin binciken yau yake.

Duk da haka ban yarda a yi watsi da Freud ba. Cewa mutum yana aikata abu bai san ainihin dalilinsa ba, yana ɗora wa wani laifin da ke cikinsa, yana huce haushin shugabansa a kan na ƙasa da shi, duk shi ya yayata su har suka shiga bakin kowa. Jinya ta hanyar zama a saurari majinyaci ma ta hannunsa ta bunƙasa. Amma kallonsa ga ɗan Adam mai duhu ne: halitta mai son rai wadda tarbiyya take riƙewa da ƙyar. A 1920, bayan Yaƙin Duniya na Farko, har ya ƙara da cewa akwai wani ƙarfi a cikinmu mai ja zuwa halaka, ra'ayin da ko almajiransa da yawa ba su karɓa ba.

Ya kuma wuce gona da iri da ya ɗauka shekarun farko sun gama yanke hukunci. Michael Rutter, likitan ƙwaƙwalwar yara na Ingila, da abokan aikinsa sun bi diddigin yaran da aka ɗauko daga gidajen marayun Romaniya zuwa Ingila bayan 1989, yaran da suka sha mummunan rashin kulawa. Waɗanda aka ɗauko kafin wata 6 yawancinsu sun kamo tsaransu. Waɗanda suka daɗe a can sun fi fama da matsalolin da suka bi su har girma, amma ko a cikinsu an samu waɗanda suka tashi lafiya lau.