Me ya sa ake son motoci irin PT Cruiser da Prowler?

Malam, ka ce ka ga PT Cruiser a kasuwa, siffarta ta tafi da kai, kana tambayar me ya sa aka ƙera ta kamar motar kaka da kakanni, kuma ko ta cancanci saye.

Asalin salon daga Amurka ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, samarin Kaliforniya kan sayi tsohuwar Ford, musamman ƙirar 1932, su rage mata nauyi, su ɗora mata ƙaton inji don tsere. Wannan salon ne kamfanoni suka farfaɗo da shi. Plymouth Prowler ta fito a 1997, tayoyinta na gaba a waje tsirara, jikinta galibi alminiyom. PT Cruiser ta kamfanin Chrysler ta biyo a 2000, sai Chevrolet SSR a 2003. Sirrin farin jininsu ke nan: kwarjinin motar da, ga na'urar sanyi da birki na zamani. Ka faka ta, sai an taru.

Amma kada siffa ta ruɗe ka. Prowler ma V6 ce, wato inji mai silinda shida, da giya otomatik, masoyanta sun daɗe suna kukan rashin V8 mai silinda takwas. PT Cruiser kuwa motar iyali ce zalla, silinda huɗu, ba ta tsere ba.

An daina ƙera ta tun 2010, don haka fara tambayar kayan gyara kafin ka biya. Wurin injinta a matse yake ƙwarai, canjin bel ɗin taimin sai makaniken da ya san Chrysler. Ka je da shi ya duba lagireto da fanka, ya bar injin ya yi zafi a tsaye ku gani.