Tambayi Bakanike: Na sa wa Mustang manyan rim, ta daina tashi da zafi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Bakanike. Ina da Ford Mustang GT ƙirar 2016, ta hannu na saya. Ta zo da rim mai inci 19 da taya 255/40. Da na ɗan samu kuɗi sai na sa mata masu inci 22, masu ƙyallin nan, da taya 265/30, don gaskiya sun fi ɗaukar ido in an fita bakin teku da daddare. To tun daga nan ta yi nauyin tashi, tana shan mai fiye da da, kuma ranar da muka hau Ɗa'if ta hanyar Hada na ji bayanta yana tsalle a kwana. Abokaina sun ce inji ne, in kai a sa mata kwamfuta. Me ka gani?
Hamisu, daga Jidda

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana Hamisu. Ka bar injin nan ya huta, ba shi da laifi. V8 mai lita 5 da ƙarfin doki 435 ba ya gajiya dare ɗaya. Ciwon yana ƙafa.

Kafin komai, ciro tsohon rim ɗaya da tayarsa in ba ka sayar ba, ka ɗora a sikeli, sannan ka ɗora sabon. Irin na ƙyallin da ake kawo mini gareji, na zubi ne, wato narka alminiyum aka yi aka zuba a mazubi, kuma ba abin mamaki ba ne ka ga kowace ƙafa ta ƙaru da kilo 5 ko fiye. Mu ƙaddara biyar ɗin ne. Ƙafa huɗu, kilo 20 ke nan.

A nan samari ke zuzuta magana. Za ka ji an ce kilo ɗaya a taya daidai yake da goma a cikin mota. Ba haka ba ne. Gaskiya ne inji yana yi wa wannan nauyin aiki biyu, ya tura shi gaba kuma ya juya shi, amma ko da duk nauyin a can bakin taya yake, iyakarsa ya ninka sau biyu. Kilo 20 ɗinka ya zama kamar 30 zuwa 40 a motar da ta kai kimanin kilo 1,700. Ana ji, amma ba shi kaɗai ya kashe mata zafi ba.

Abin da ya fi cin ka wajen tashi shi ne tsayin tayar. Tsohuwar, daga ƙasa zuwa sama, milimita 687 ce. Sabuwar 718. Ta ƙaru da kashi huɗu da rabi cikin ɗari, kuma da wannan gwargwadon ƙarfin da ke isa kwalta ya ragu a kowace giya. Ga kuma wata ɓarna da ba ka ambata ba: mitar gudunka ta koma yi maka ƙarya. In ta nuna 120, kana kan 125 ne. Kyamarar Saher, mai kama masu wuce ƙa'idar gudu a titunan Saudiyya, ba ta san da zancen rim ba, saƙon tara kawai za ka gani a waya.

Shan mai kuwa ba zato kake yi ba. A 2010 mujallar Car and Driver ta Amurka ta gwada Volkswagen Golf da rim daga inci 15 har 19, kuma da mafi girman shan mai ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100.

Yanzu ga wanda ya fi damuna, tsallen nan na hanyar Hada. Jikin mota yana zaune ne a kan sifirin, amma rim da taya da birki suna ƙarƙashinsa. Duk lokacin da taya ta taka tudu ko gyambon kwalta sai ta yi sama, aikin sifirin da shokozoba ne su danno ta ƙasa nan take. Kamfani ya auna ƙarfin shokozobar da nauyin ƙafar da ya sa. Ka ƙara mata kilo biyar, sai ta riƙa makara. Ka ɗaura wa mai gudu dutse a idon sawu, ka sa wa wani irinsa a aljihu, ka ga wanda zai fara tuntuɓe. A ɗan lokacin da tayar ba ta danne ƙasa sosai ba, ba riƙo, birki ma ba ya ci yadda ya kamata. A miƙaƙƙen titin Makka da ƙyar za ka lura. A kwanar dutse, ga rami a gefe, can ake ganewa.

Gefen tayar ma ya ragu daga milimita 102 zuwa kusan 80, robar da ke shanye duka ta yi kaɗan. Shiga rami ɗaya a cikin unguwa bayan ruwan sama ya isa ya lanƙwasa bakin rim ko ya fito wa taya da ƙulu. Boris da bushin su ma suna shan wahalar a ɓoye, sai an jima su fara kuka.

Ko masu Formula 1 da ke zuwa tsere nan bakin tekun Jidda tun 2021 sun ɗanɗana. A 2022 suka bar inci 13 suka koma 18, mafi ƙarancin nauyin motarsu ya tashi daga kilo 752 zuwa 798, kuma manyan ƙafafun na cikin dalilan. Su sake ƙera shokozoba da birki suka yi gaba ɗaya, ba ɗaura noti kawai ba.

Shawarata, mayar da na 19 ɗinka. In kuwa ido ya riga ya saba da babba, tsaya a inci 20 da taya 255/35, tsayinta daidai yake da na asali, mita ba za ta yi ƙarya ba. Ka nemi rim na ƙira, wanda aka matse alminiyum ɗinsa da ƙarfi maimakon zubi. Yana da tsada ƙwarai, amma sau da yawa ya fi na kamfani rashin nauyi duk da ya fi shi girma. Kada ka yarda da bakin mai shago, ka sa ya ɗora a sikeli a gabanka. Sannan ka duba lambobi huɗun nan na gefen taya masu nuna lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Da zafin ƙasar nan, tayar da ta daɗe a ajiye ba ta motar gudu ba ce, ko da zanenta sabo fil ne. Bayan an ɗaura a yi balansin da alaimen kafin ka sake nufar Ɗa'if.