Katin dubu ɗaya, ko gaisuwa ba ka gama da Inna ba ya ƙare

Wani ƙaninmu ɗan ƙasar Maraɗi da ke dako a kasuwar Mile 12 ya rubuto yana kuka da waya. Ya ce yakan sa katin dubu ɗaya, a turo masa saƙo wai an ba shi bonas mai yawa, amma da ya kira Inna a ƙauye ko gaisuwa ba su gama ba sai layi ya yanke. Wani lokacin ma bai kira kowa ba, ya wayi gari kuɗi ya ragu. Ya je ofishin kamfanin a yi masa bayani suka ce sunan da ke kan layin ba nasa ba ne, don dama a hannun wani ejan ya saya da rajistarsa a Agege. Ga yayansa kullum filashin, in bai kira ba a ce Legas ta cinye shi ya manta gida.

Ƙanena, sannu da ɗawainiya. Zan fara da inda kuɗin ke bi, don ba aljanu ke kwashewa ba.

Bonas ɗin nan da kake gani ya cika fuskar waya, yawanci na kiran cikin Najeriya ne, ba ya bin lambar da ta fara da +227. Da ka buga Nijar daga ainihin kuɗinka ake cira, kuma kiran Nijar da take maƙwabciyarmu ya kan fi kiran Amurka ko Indiya tsada a minti, mutane da yawa ba su san haka ba sai sun gwada. Ƙara da cewa a Janairun 2025 hukumar NCC mai kula da harkar sadarwa a Najeriya ta amince kamfanoni su yi ƙarin har kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, to dubu ɗayan da ba ita ce ta yanzu ba. Kira 300, layin kula da masu hulɗa na kamfanin layinka, kyauta ne, ka tambaye su nawa ne minti ɗaya zuwa Nijar a tsarin da kake kai, kuma in sun tallata maka tsarin kiran waje ka tabbatar Nijar na ciki kafin ka saya.

Sai rance. Ina da yaƙinin kana danna *303# in kati ya ƙare maka tsakiyar magana, kusan duk 'yan dako haka suke yi. Ka ranci ɗari su ba ka 85 ka biya ɗari cif, kashi 15 ya tafi tun ba ka ce salamu alaikum ba, kuma da ka sa sabon kati bashin suke fara cirewa, shi ya sa in ɗari uku ka ranta kake ganin dubunka ta zama ɗari bakwai nan take. Kuɗin da kuma ke zurarewa cikin dare galibi waƙar kira ce ko labarin ƙwallo ko wata gasa da aka taɓa danna 1 a kanta, tana sabunta kanta duk sati. Danna *305# ka ga abin da ke maƙale da layin ka cire, sannan ka tura STOP zuwa 2442 a daina turo maka tallan. In kana tiransifa ta lambar banki, nan ma akwai naira 6.98 da tun 2025 ake cira daga katin waya. Ka saba da danna *310# kafin kira da bayan kira, ka riƙa ɗaukar hoton abin da ya nuna.

Amma duk wannan ƙaramin abu ne a kan maganar layin. Wallahi ita ta fi damuna. Layin da aka yi wa rajista da NIN (lambar shaidar ƙasa ta Najeriya) ɗin wani ba naka ba ne ko shekara goma ka yi da shi, kuma sayar da irinsa laifi ne. Na ga wanda ejan ya sayar wa layi a Alaba Rago, ya haɗa shi da asusun bankinsa, abokan cinikinsa duk ta nan suke nemansa, rana ɗaya aka rufe, ya je a buɗe aka ce sai mai NIN ya zo da kansa, ejan kuma ya tashi daga inda yake kafa lemarsa. Na ga wanda 'yan sanda suka ɗauka saboda wani layin da ke kan NIN ɗaya da nasa an yi damfara da shi, sai da shugabannin kasuwa suka tsaya masa kafin ya fito. Kuma ejan ɗin da zai ce kawo dubu kaza in yi maka NIN a matsayin ɗan Katsina, guje shi, ƙarya a takarda tana jiran mutum ne har ranar da ya fi buƙatar takardar. Hukumar NIMC mai ba da NIN tana yi wa baƙo mai takardar zama rajista da sunansa da ƙasarsa, ka je da takardunka da kanka, ka yanki sabon layi a ofishin kamfani, ka cire banki daga tsohon tun kafin ya mutu a hannunka.

Da layi ya zama naka sai ƙorafi ya yi tasiri. Ka fara da kamfanin, ka ce lallai su ba ka lambar ƙorafi ka rubuta ta da ranar. In sun yi shiru ko sun juya ka, kira 622, layin NCC ne kuma kyauta, abin da za su fara tambayarka wannan lambar ce. Kada ka ce ai ɗari biyu ce a bar wa Allah, ɗari biyun nan buhu nawa ka ɗauka a ka kafin ka same ta?

Yayanka kuwa, ina girmama shi amma bai kyauta ba. Mai filashin sau biyar a rana don a kira shi a yi hirar gona da ta wa ya auri wa, bai san kwandon tumatir nawa ake saukewa daga tirela kafin a samu kuɗin hirar ba, kuma cewa ka manta gida zalunci ne ga yaron da ke kwana a rumfa yana aika kuɗin hatsi. Haƙƙin Inna ne ta ji muryarka, wannan babu musu, to tsayar mata da rana, ko Juma'a bayan masallaci, a kai mata wayar wani mai WhatsApp a gidan ku yi magana da data har ku gaji. Shi kuma Yaya ka gaya masa cikin ladabi, in magana ce ta gaggawa ya turo saƙon murya, in hira ce ya jira Juma'ar tare da kowa. In ya yi fushi ka bar shi ya huce, ka lissafa abin da kake kashewa a kati cikin wata ka faɗa wa Inna da bakinka, ka tambaye ta ko ta fi son kuɗin ya zo mata gero.