Tambaya da Amsa: Awa nawa kaza za ta yi cikin kayan ƙamshi kafin gashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Nakan jiƙa kaza da lemun tsami da tafarnuwa tun dare don gashin washegari, amma naman ƙirjin sai ya fito a dagargaje daga waje, ciki kuma a bushe. Maƙwabciyata ta ce sai ta kwana ƙamshi yake shiga. Haka ne? (Uwargida daga unguwar Birni, Damagaram)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Lemun tsamin ne ya daɗe a jikin naman. Tsami yana fara dafa saman nama tun bai ga wuta ba, shi ya sa kike ganin ya yi fari-fari. In ya wuce lokacinsa sai saman ya ruɓuɓɓushe, naman kuma ya kasa riƙe ruwansa a kan garwashi.

Abin da ke ratsa nama har ciki gishiri ne. Tafarnuwa, citta, masoro da kimba yawanci a sama suke tsayawa ko da sun kwana. Don haka ki tsattsaga cinya sau 2 ko 3 da wuƙa har ƙashi, ki cusa haɗin da yatsa cikin tsagar da ƙarƙashin fata.

Ƙirji mara ƙashi, in da tsami a haɗin, minti 30 zuwa awa 2 ya isa. Cinya da fukafukai suna ɗaukar awa 4 zuwa 6. In kina son ta kwana, ki sa gishiri, mai da kayan ƙamshi kawai, ki bar lemun sai minti 30 kafin gashi. Kindirmo ya fi lemu sauƙin tsami, shi kam zai iya kwana da kaza ba tare da ya ɓata ta ba. Kada dai a wuce awa 24.

Duk wannan a cikin firijo muke nufi. Da zafin Damagaram na watan Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40, ɗanyar kaza ba ta wuce awa 1 a waje, domin lemu da barkono ba sa hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. In wuta tana yawan ɗaukewa, ki haɗa minti 45 kafin gashi, ya fi miki. Kuma kada ki jiƙa cikin tukunyar dalma, tsami yana cin ta har ɗanɗanon ƙarfe ya kama nama. Kwanon roba mai murfi ko leda mai tsabta ya wadatar.

Kazar gida da zabo nasu daban ne, namansu ya fi na kajin gidan gona tauri. Ki kankare ɗanyen gwanda cokali 1 ki sa a kowane kilo, na awa 1 zuwa 2 kawai, ko ki ɗan tafasa su da albasa kafin ki shafa haɗin.

Tambaya: Ina gasa kaji da yamma kusa da Kasuwar Dole. Haɗin kwalba na kanti ya fi, ko in ci gaba da daka nawa? (Wani mai karatu)

Amsa: Malam, ka riƙe turminka. Na kanti yana rage aiki kuma ɗanɗanonsa ba ya sauyawa, amma da yawa cikinsu akwai sukari, wanda ke ƙonewa ya yi baƙi a kan garwashi tun ƙashin cinya yana da jini. Gishirinsu ma yana da yawa. In dole sai da shi, ka duba ranar lalacewa, ka karanta jerin abin da ke ciki (wanda aka fara rubutawa shi ya fi yawa), kada ka ƙara gishiri ko Maggi, kuma ka goge rarar haɗin kafin ka ɗora a waya.

Na gida, ga kilo 1: gishiri ƙaramin cokali 2, ko 1 in za ka sa Maggi, tafarnuwa ƙwaya 5, ɗanyar citta tsawon rabin yatsa, albasa 1, masoro rabin ƙaramin cokali, kanumfari 3, man gyaɗa babban cokali 3, ruwan lemun tsami 1. Man ne ke ɗaukar ƙamshin ya shimfiɗa shi a jikin nama, kada ka rage shi. Yajin ƙuli kuwa sai kazar ta kusa nuna, saboda ƙuli-ƙuli yana saurin ƙuna ya yi ɗaci.

Ruwan da ya rage a kwanon jiƙo ya taɓa ɗanyen nama, ba a shafa shi a kan kazar da ta gasu sai an tafasa shi sosai. Abin da ya fi shi ne ka ɗebi na shafawa daban tun kafin ka zuba kajin. Kafin ka sauke, ka soka wuƙa a gaɓar cinya: in ruwan ya fito garau ta nuna, in da ja-ja ka mayar gefen da wuta ba ta da ƙarfi.