Na zuba giyar girki a abincin Kyuba ban sani ba, Malam ya zan yi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Dan Allah tambayata ta ɗan yi tsawo a yi haƙuri. Maigidana likita ne, a ƙasar Kyuba ya yi karatu kusan shekara bakwai, toh tunda mukayi aure bashi da zance sai abincin can, musamman wani nama da ake dafawa har ya yi ligif a yayyaga shi wai ropa vieja, da wata shinkafa da baƙin wake. Sai nace bari in koya in ba shi mamaki, na shiga YouTube ina kallo, matar ta zuba wani abu daga kwalba mai suna vino seco, naje wani babban kanti na nuna musu hoton suka bani mai kama da shi, ni wallahi na ɗauka irin ruwan khal ne. Sau biyu nayi girki dashi muka ci harda yara da Hajiyarsa, sai ranar nan ya shigo kicin ya ga kwalbar yace innalillahi wannan ai giya ce. Malam tun ranar bana iya bacci, an ce wanda ya sha giya ba a karɓar sallarsa kwana arba'in. Hajiya kuma tace dama abincin kafirai ne in daina, wai ita shinkafar ma sunanta Musulmi da Kirista. Ya matsayin abinda muka ci? Tukunyar fa, da ragowar naman da ke firiza? Kuma zan iya ba maƙwabciyata Kirista sauran kwalbar? Sannan ya halatta in cigaba da dafa masa ko in haƙura?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar uwa ki kwantar da hankalinki, in sha Allahu babu zunubi a kanki ko kaɗan a abinda ya wuce. Allah yana cewa a Suratul Ahzab aya ta 5 babu laifi a kanku cikin abinda kuka yi kuskure, laifin yana ga abinda zukatanku suka yi da gangan. Ke kuma miji kika so ki farantawa, baki san me ke cikin kwalbar ba. Hadisin kwana arba'in da kika ji yana nan, amma akan wanda ya ɗauki giya yana sane ya sha ake magana, ba mace da ta zuba cokali uku a tukunya tana zaton khal ne ba. Sallarki da ta yara da ta Hajiya duk lafiya lau, ba wanda zai rama komai.

Toh amma yanzu kin sani, hukuncin daga nan ya canza. Vino seco giyar inabi ce ta girki, sukan sa mata gishiri ne kawai dan kar a sha ta a kofi, kuma galibin irin waɗannan ƙarfin barasarsu ya kai kashi 10 cikin 100 ko ya wuce. Gishirin bai fitar da ita daga sunan giya ba. Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam yace duk mai sa maye giya ne kuma duk giya haramun ce, Muslim ya ruwaito, yace kuma abinda mai yawansa ke sa maye to kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Nasan akwai masu cewa ai wuta tana ƙone ta, wannan magana ce da ake yawan yi kuma ba haka take ba gaba ɗaya. Ma'aikatar noma ta Amurka tana da jadawali akan wannan, in an zuba giya a abinci aka barshi yana dahuwa minti 15 kusan kashi 40 nata yana nan, bayan awa ɗaya kusan kashi 25, sai an kai wajen awa biyu da rabi kafin ya sauka kashi 5. Gaskiya ne akwai malaman da suka ce in haramtaccen abu ya narke cikin halal har babu ɗanɗano babu wari babu tasiri to abincin bai haramta ba, kuma wannan ma ƙarin natsuwa ne gareki akan wanda kuka riga kuka ci. Sai dai ko su basu ce kije ki sayo giya ki ajiye a kicin ba, saboda hadisin Anas da Tirmizi ya kawo an la'anci mutum goma akan giya, ciki harda mai saye da mai ɗauka da wanda aka kaiwa.

Dan haka kwalbar nan ki juye ta a magudanar ruwa yau ɗin nan. Kar ki ba maƙwabciya, kar ki mayar kanti a canza miki da wani kaya. Wani mutum ya taɓa kawowa Annabi kyautar salkar giya bai san an haramta ba, da ya ji sai ya raɗawa na kusa dashi a sayar, Annabi yace wanda ya haramta shanta ya haramta sayar da ita, nan take mutumin ya kwance bakin salkar ta tsiyaye. Abu Ɗalha ma giyar marayu ce a hannunsa, dukiyar marayu fa, ya tambaya ko ya mayar da ita khal aka ce a'a ya zubar. In dukiyar maraya ba a tsaya lissafin asara ba to kuɗin kwalbarki ba komai bane, Allah zai mayar miki.

Ragowar naman firiza shima ki zubar. A mazhabarmu ta Malikiyya giya najasa ce kamar yadda sauran mazhabobi uku suka tafi akai, kuma Shehu Khalil ya faɗa a Mukhtasar cewa naman da aka dafa da najasa baya tsarkaka, dan ta riga ta shige cikinsa, wanki baya fitar da ita. Akwai magabata irin su Rabi'a malamin Imam Malik da Laisu ɗan Sa'ad da suka ce giya haramun ce amma ba najasa bace, to ko a ra'ayinsu ni bazan ce miki ki ɗumama ki ci kina sane ba. Tukunya kuwa in ta ƙarfe ce ko alminiyam ko wannan mai dafa nama da tururi, ki wanke da ruwa da sabulu shikenan ta tsarkaka, haka ludayi da faranti. Abu Sa'alaba ya tambayi Annabi akan tukwanen Ahlul Kitabi da suke dafa alade suna shan giya a cikinsu, aka ce masa in ba a samu wasu ba a wanke a ci. Tukunyar ƙasa ce kawai malamanmu suka tsananta in najasar ta daɗe ciki har ta tsotse, in da ita kika yi to ki sauya wata.

Sai maganar Hajiya, Allah ya saka mata da alheri kishin addini ne ya sa ta faɗa, kuma ki bi ta a hankali kar ki je kina ce mata Malam yace kin yi kuskure. Amma a shari'a babu wani abu wai shi abincin kafirai da ya haramta saboda ƙasar da ya fito. Asalin abinci halal ne sai wanda nassi ya cire, kuma abinda aka cire a lissafe yake a Baƙara aya ta 173 da Ma'ida aya ta 3, mushe, jini, naman alade, da abinda aka yanka dan wanin Allah. An kawowa Annabi cuku a Tabuka ya sa aka kawo wuƙa yayi bismillah ya yanka, ya sa jubbar Rumawa, kuma ranar da aka ajiye damo a gabansa ya janye hannu Khalid ɗan Walid ya tambaya haramun ne? yace a'a, babu shi ne a ƙasar mutanena shi yasa raina baya so, Khalid ya jawo ya ci Annabi na kallo. Kinga kenan rashin sabo daban haramci daban. Mu kanmu taliya da makaroni da burodi da shayi duk daga waje suka zo mana. Kuma in kika duba abincin Kyuba da kyau zaki ga rabinsa namu ne, dan bayin da aka kwasa daga yammacin Afirka har zuwa ƙarni na 19 sun tafi da girkinsu, ba a soke bauta a can ba sai 1886. Suna cin rogo dafaffe, suna soya agade, suna miyar kuɓewa suna kiranta quimbombó, har fufu suna da shi na agade. Shi ropa vieja ɗin ma ma'anarsa tsofaffin tufafi saboda yadda naman ke yayyagewa kamar tsumma, ɗan uwan dambun nama ne sai dai shi da romon tumatir da tattasai ake barinsa.

Inda nake so ki buɗe ido sosai ba ma giyar bace, alade ne. Mutanen Kyuba alade shine babban namansu, kuma ba kullum zaki ganshi a matsayin nama ba, a kitse yake ɓuya. Ita wannan shinkafa da waken da yawansu da kitsen alade ko ɗan soyayyen naman alade suke fara soya albasar, burodinsu na gargajiya ma da man alade ake kwaɓa shi. In kina kallon bidiyo ko kina karanta bayan gwangwani ki riƙe kalmomin nan, cerdo da puerco alade kenan, manteca yawanci man alade, tocino da jamón da chicharrón da chorizo duk daga jikinsa suke, cerveza kuma giyar sha'ir ce da wasu ke zubawa a shinkafa da kaza. Ki sa likita ya rubuta miki su ki manna a jikin firij tunda yana jin yaren. Kitsen hukuncinsa ɗaya da naman, Ƙurɗubi ya kawo ijma'i akai, a Risala ma da muka karanta tun muna yara an ce komai na alade haramun ne. Kuma babu zancen in tsame naman in ci shinkafar, man ya riga ya bi ko'ina.

Madadinsu kuwa yana nan a kasuwarmu. Wajen kitsen alade ki sa man gyaɗa ko man zaitun, in ƙamshin hayaƙin nan ake nema ki yanka ɗan kitsen rago ko naman sa mai banda ki fara soyawa kafin albasa da tafarnuwa da koren tattasai su shiga. Wajen giya abinda take yi a girkin ɗan tsami ne kawai, to romon naman da kika tafasa da cokali ɗaya na khal ko ruwan lemon tsami ya wadatar. Khal na kanti halal ne ko da asalinsa daga inabi ne, tunda ya riga ya juye ya zama wani abu daban baya sa maye, Annabi da kansa yace madalla da khal a matsayin mahaɗi. Akwai wani haɗi nasu mojo, tafarnuwa ce da mai da ruwan lemo mai ɗaci-ɗaci da kumin, in baki samu irin lemon ba ki haɗa lemon zaƙi da na tsami, wannan babu komai a cikinsa, ki zuba akan rogo ko ki jiƙa kaza ko cinyar rago a ciki ki gasa. Su da alade suke yi musamman daren 24 ga Disamba, ke kiyi da rago a duk ranar da kika ga dama, kawai kar ku ware wannan daren ku mayar dashi al'adar gidanku, nan ne hadisin kamanceceniya da wasu mutane zai shigo dan ya zama bikin addini ba girki ba. Haka in kika ci karo da bidiyon da ake dafa kuɓewa da garin masara ana cewa na Changó ne, wannan masu bautar orisha ne ke miƙawa abin bautarsu, ki wuce shi. Kuɓewarki da kika dafa da bismillah dan iyalinki ba ruwanta da wancan.

Sunan shinkafar gaskiya Hajiya ta faɗa, moros y cristianos suke cewa. Moros sunan da mutanen Sifen ke kiran Musulmin Andalus ne, baƙin waken wai sune Musulmi farar shinkafar Kiristoci. Ni kaina duk sanda naji sunan nan sai raina ya sosu, dan yana tuna min ƙasar da Musulmi suka shiga a 711 suka rayu kusan shekara 800 har Garnaɗa ta faɗi a 1492, daga baya a 1609 aka fara korar jikokinsu gaba ɗaya. Amma suna baya halatta abu kuma baya haramta shi, abinda ke cikin tukunya ake dubawa. Annabi ya faɗa cewa wasu daga al'ummarsa zasu sha giya suna kiranta da wani suna, canza sunan bai halatta musu ita ba, to haka wake da shinkafa basu haramta dan wani ya laƙaba musu suna ba. In sunan yana damun Hajiya ki ce congrí kamar yadda da yawansu ke faɗa, ko kawai kice garau-garau da baƙin wake, kuma ranar da zaki sake yi ki kira ta kicin ta ga duk abinda kike zubawa da idonta, in sha Allahu zata ci hankali kwance.

Ki cigaba da dafa masa, halal ne, kuma da niyyar kyautatawa miji lada zaki samu. Shi kuma likita ki isar masa da saƙona, tunda shi ya zauna a can ya san me ake zubawa, ya dinga zama ku kalli bidiyon tare kafin ki tafi kasuwa.

Wallahu a'alam.