Filin Tambaya da Amsa: Ruwan Sha, Murhu da Sola a Karkara

Assalamu alaikum masu karatu. Yawancin wasiƙun wannan watan a kan ruwa da wuta suke, don haka na zaɓo huɗu daga ciki. Sauran sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Tambaya: Malam, tun da famfon garinmu ya lalace ruwan tafki muke sha. Ina jefa alif a randa, ruwan ya kwanta ya yi garau, amma yarana biyu ba sa rabuwa da gudawa. Maƙwabciyata ta ce in koma 'ya'yan zogale. Wanne ya fi?
Daga wata uwa, ƙasar Gumel, Jihar Jigawa.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba yaran lafiya. Kafin maganar ruwa, ki riƙa ba su ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinki duk lokacin da gudawar ta taso. Idan kuwa kin ga tana zuba kamar ruwan da aka wanke shinkafa, ga amai, ga idanu sun faɗa, kada ki jira gari ya waye, ki kai yaro asibiti. Kwalara ba ta ba da lokaci. A shekarar 2021 kaɗai sama da mutum dubu 100 aka yi zaton ta kama a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna.

Alif da zogale aikinsu ɗaya ne: su tattara laka da dauɗa su kwantar a gindi. Babu wanda yake kashe ƙwayoyin cuta duka a cikinsu. Ruwa yana iya yin garau alhali cutar na ciki, domin ido ba ya ganinta. Zogale dai ya fi sauƙin samu, tun da yana bayan ɗakinki, kuma matan ƙauyukan bakin kogin Nilu a Sudan sun daɗe suna tace ruwa da shi. Ki samo 'ya'yan da suka bushe a jikin bishiya, ki ɓare, ki daka farin cikin ya yi laushi. Idan ruwan ya yi jawur sosai, ƙwaya ɗaya ga kowace lita. In da dama-dama, ki rage. Ki dama garin a ɗan ruwa mai tsabta, ki tace da ƙyalle cikin bokitin, ki juya da sauri na ɗan lokaci, sannan a hankali kamar minti biyar. Ki bar shi awa ɗaya zuwa biyu ba a taɓa ba, ki tsiyaye na sama. Kada ki haɗa na kwana biyu, domin ragowar garin zogalen da ya kwana a ruwa abinci ne ga ƙwayoyin cuta.

Daga nan sai kisan cutar, kuma nan ne yawancin gidaje suke tsallakewa. Tafasawa ta fi komai tabbas: ruwan ya tafasa sosai yana juyawa na minti ɗaya. Na san itace ya yi tsada, to ko na ƙananan yara kaɗai a tafasa. Akwai kuma kulorin, irin su WaterGuard da Aquatabs da ake samu a kemis. Ki bi awon da ke jikin kwalin, ki jira rabin awa kafin a sha.

Hanyar da na fi son in ga ta yaɗu a ƙasarmu ita ce ta rana, don ba ta cin ko kwabo. Ki nemi gorar roba fara tas, irin ta ruwan sayarwa, wadda ba ta wuce lita 2 ba. Ki cire takardar jikinta, ki wanke, ki cika da ruwan da kika riga kika tace, ki kwantar da ita a kan rufin kwano tun da hantsi. Awa 6 cikin rana mai ƙarfi ya isa; idan akwai hadari ko hazo ya rufe rana, kwana biyu a jere. Hasken ranar da zafinta ne suke kashe cutar, shi ya sa ruwa mai laka ba ya yi, haka ma gorar da ta dushe ko mai launi. Ki ɗora gorar a tsaye a kan babban rubutun jarida ki leƙa ta bakinta. In kina iya karantawa, ruwan ya isa shiga rana. Abin da duk hanyoyin nan ba sa cirewa shi ne guba, kamar dalma ko maganin feshi. Tafkin da ake wanke injin feshi ko ƙasar zinare a cikinsa a bar shi kawai.

Sai randa. Na sha zama a tsakar gida in ga an sha wahala an gyara ruwa, can sai yaro ya dawo daga wasa, ya ɗauki moɗa daga ƙasa inda kaji suka bi ta kai, ya zurma ta har gwiwar hannu. Aikin safiya ya tafi. Ki sa magini ya yi miki randa mai ɗan famfo a gindi, ko ki zuba ruwan sha a tulu mai ƙaramin baki wanda hannu ba ya shiga, a riƙa tsiyayowa. Kada ki raina irin waɗannan ƙananan dabaru. A 1988 an ƙirga masu kurkunu sama da dubu 650 a Najeriya, kuma ƙyallen tace ruwa na cikin manyan abubuwan da suka kawar da shi. Mutum na ƙarshe da ya kamu a 2008 ne, a 2013 aka tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da shi.

Tambaya: Uwargidana kullum idanunta jawur, ga tari, saboda hayaƙin murhu. Itace ya yi tsada, gas kuma ya fi ƙarfina. Akwai mafita?
Daga wani magidanci, Tasawa, Jamhuriyar Nijar.

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka lura, domin maza da yawa sai dai su tambayi dalilin da tuwo ya makara. Hayaƙin girki ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana hallaka mutum kimanin miliyan 3 a kowace shekara, kuma mata da yaran da ke goye su suka fi shaƙarsa.

Murhun duwatsu uku ɓarnarsa ta fi amfaninsa. Abin da ke isa tukunya daga zafin itacen bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, sauran iska ce ke kwashewa. Gyaran shi ne a kewaye wutar, a tilasta mata bin jikin tukunya. A ƙasarku ba baƙon abu ba ne: akwai murhun ƙarfe na Mai Sauƙi da maƙera suke ƙerawa, akwai na laka da ake kira Albarka. A nan Najeriya akwai Save80 da aka yaɗa daga Kaduna, wanda ƙananan ƙirare sun ishe shi, sai dai kuɗinsa ya fi na sauran. Na laka kuwa ku da kanku za ku gina, da yumɓu da kashin jaki da yankakkiyar ciyawa. Abin kula shi ne tazarar da ke tsakanin tukunya da bangon murhun ta zama kamar kaurin yatsa. In ta fi haka zafi ya gudu, in ta gaza wuta ta shaƙe ta yi ta hayaƙi. Ke nan kowace tukunya da murhunta.

Shi ya sa nake roƙonka kada ka je kasuwa ka sayo mata ba da saninta ba. Ka tafi da tukunyar da take girki da ita, ka kuma tambaye ta. Na ga murhu masu kyau da wata ƙungiya ta raba, an kife su a bayan rumbu kaji na ƙwai a ciki, don kawai ba su jure tuƙin tuwo. Mace ta sa muciya ta danna, murhu ya karkace. Wanda ya zana shi bai taɓa tsayawa kan tukunyar gidan mutum goma sha biyar ba.

Irin wannan murhu yana rage itace sosai, amma bai kawar da hayaƙi duka ba. A yi girki a rumfa ko a buɗe taga sama kusa da rufi, a yi amfani da busasshen itace, a sauke goyo a ba wani kafin a hura wuta. Da sanyi kuma kada a kuskura a shiga da gawayi ɗaki a rufe ƙofa. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma a cikin barci take kashe mutum.

Ga wata dabara ta wake, mai cinye itace. A jiƙa shi tun dare. Idan ya tafasa kamar minti 15 zuwa 20, a sauke tukunyar da murfinta, a saka cikin kwandon da aka shimfiɗa wa tsumma ko ƙaiƙayi a buhu, a lulluɓe da tsohon bargo ta ko'ina. Bayan awa uku zuwa huɗu ya nuna da zafin da ya riƙe. Kuma tun da a yankin Maraɗi kake, ka fi ni sanin sassaben zamani, wanda ya faro a wajenku tun shekarun 1980. Manomin da ya bar tohon kututture ya girma a gonarsa, rassan da yake sassabewa duk shekara su ne itacen gidansa.

Tambaya: Ina da shanu huɗu. Na ji ana samun gas ɗin girki daga kashinsu. In gina?
Daga wani matashi, Dambatta, Jihar Kano.

Amsa: Ɗana, gaskiya ne ana samu, kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana gwada shi. Amma ramin da ake ginawa don samar da gas ɗin yana son ɗanyen kashi kullum, a dama shi da ruwa daidai yawansa. Idan shanunka a turke suke kwana suke wuni, kuma kana da rijiya a gida, bismillah, ka nemi wanda ya taɓa ginawa ka je ka ga nasa yana ci. Idan kiwo suke fita, ko ruwan sayensa kake yi wajen 'yan garuwa, ka bar kashin ya tafi gona.

Tambaya: Ƙungiyarmu ta matasa ta tara kuɗi don samar wa garinmu ruwa. Wasu sun ce tuƙa-tuƙa, wasu sun ce sola. Akwai tsoffin famfuna biyu da suka mutu. Me za ka ba mu shawara?
Daga sakataren wata ƙungiya, ƙasar Ningi, Jihar Bauchi.

Amsa: Malam Sakatare, Allah ya yi wa wannan haɗin kai albarka. Kafin ku kira mai haƙa, ku kira makaniken famfo ya buɗe matattun nan biyu. Sau da yawa rijiyar lafiyarta ƙalau, roba ce ta cinye ko sanda ta tsinke, abin da kuɗinsa bai kai na buhun masara ba. Famfo ya shekara a mace saboda kowa na jiran wanda ya haƙa ya dawo, shi kuwa ya daɗe da wucewa.

In tuƙa-tuƙa za ku yi, ku tambayi irinsa. India Mark II yana da ƙarfi, amma gyaran cikinsa sai an zaro bututun gaba ɗaya da kayan aiki da ƙwararre. Afridev an yi shi ne yadda mutum biyu na gari za su zaro sandunan su canza roba ba tare da taɓa bututu ba. Famfo ɗaya na mutum 250 zuwa 300 ne. In an fi haka, layi da faɗa da saurin lalacewa. Idan ruwanku ya wuce zurfin mita 45, tuƙawa ta zama azaba ga mata da yara.

Garin da ya fi haka girma sola ta fi dacewa da shi, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya gagari mutane. Amma kada ku yarda a sa muku batir. Sumo, wato injin da ake zurawa cikin rijiyar, ya tura ruwa tanki da rana, tankin ya ba ku da dare. Batir shi ne ke fara mutuwa, shi ne kuma ya fi tsada. Farantan su kalli kudu, a ɗaga su inda hannu ba ya kaiwa, a walde ƙusoshin saboda ɓarayi, a sa wanda zai riƙa wanke su da sassafe lokacin hunturu, don ƙura na rage musu ƙarfi. Rijiyar ta yi nesa da kowane masai da aƙalla mita 30.

Wajen kwangila, ku nemi a yi awon ƙasa kafin haƙa, a kuma yi gwajin jan ruwa na sa'o'i a gabanku, a rubuta muku zurfi da yawan litar da take bayarwa a awa. Ku riƙe wani kaso na kuɗin sai ruwa ya yi wata uku yana zuba. Ku leƙa hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara (RUWASSA) ta jiharku, suna da bayanin rijiyoyin yankinku kuma suna horar da masu gyara. Sannan tun ranar buɗewa a sa ɗan kuɗi kan kowace jarka, ko a karɓi hatsi da kaka daga kowane gida, a ajiye a asusun da sai mutum uku sun sa hannu. Ku sa mata cikin masu riƙon asusun, domin su ne suke fara jin famfo ya canza ƙara. Idan makaniken ya buɗe tsoffin, ku aiko min da zurfinsu da abin da ya tarar da adadin gidajen garin, sai in faɗa muku girman sumo da tankin da zai ishe ku.