Na sayi mota, giya ta ƙi shiga bayan kwana 12: ina da haƙƙi?

Tambaya: Barista, na sayi mota 'yar Beljiyam a wajen wani dila a Kano. Ya rantse mini injinta da giyarta lafiya lau. Kwana 12 kacal giya ta fara fizga, yanzu ko ribas ba ta shiga. Bakanikena ya ce an taɓa buɗe giyabos ɗin, an yi masa kwaskwarima ne kawai. Da na koma, sai dilan ya nuna mini ƙasan rasit inda aka rubuta cewa kaya in ya fita ba ya dawowa. Shi ke nan kuɗina sun tafi?

Amsa: Ba su tafi ba, Malam. Amma kafin komai, ka ajiye motar, kuma kada bakanikenka ya kwance ko noti ɗaya. Ranar da ya sauke giyabos ɗin nan, ka ba dilan abin da yake nema, zai ce ku kuka lalata. Ka sa bakaniken ya rubuta abin da ya gani, da kwanan wata, ya sa hannu. Ka ɗauki bidiyon motar tana ƙin shiga ribas, lambarta da mitar tafiyarta suna fitowa a ciki.

Dokar da ke gefenka ita ce ta gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye. Sashe na 131 ya ce mai saye yana da haƙƙin samun kaya mai aiki, marar aibi, wanda zai yi ƙarko gwargwadon abin da ake tsammani. Sashe na 132 kuma ya ba ka wata 3 daga ranar da aka damƙa maka kayan ka mayar da shi, mai sayarwa ya gyara, ko ya musanya, ko ya dawo da kuɗi. Wata ukun nan ne jarinka. Na sha ganin dila yana jan mutum da "ka dawo jibi, oga ya yi tafiya" har lokaci ya ƙure.

Rubutun ƙasan rasit kuwa bai kai yadda yake tsorata mutane ba. Dokar ba ta yarda ɗan kasuwa ya soke haƙƙin da ta ba mai saye da wani sharaɗi nasa ba. Kuma sashe na 145 ya ɗora nauyin kawo hujja a kansa ne idan an yi zargin kaya na da aibi.

Sai dai kada in yi maka daɗin baki. Tsohuwar mota ba sabuwa ba ce, alƙali ya san haka. Da taya ce ta suɗe, ko fenti ya koɗe, ko wani abin da ido zai gani ranar ciniki, da sai in ce ka yi haƙuri. Haka nan da ya faɗa maka giyar tana da matsala aka rage maka kuɗi a kan haka. Naka daban ne: aibi ne ɓoyayye, ga shi kuma ya tabbatar maka da lafiyarta. In akwai wanda ya ji, ko saƙon murya a WhatsApp, ka adana.

Ka duba sunan wa ke kan rasit, kuma asusun wa ka tura wa kuɗi. Da yawan masu tsayawa a filin motoci dillalai ne, la'ada kawai suke ci, mai motar yana can gefe. Wanda za ka kama shi ne wanda ya sayar.

Ka fara da wasiƙa: abin da ya faru, abin da kake so, da wa'adin kwana 7, ka riƙe kwafin da aka sa hannun karɓa. Ka sanar da shugabannin ƙungiyar dilolin wurin, sau da yawa a nan magana take mutuwa, don ba mai son sunansa ya ɓaci a kasuwa. In ya ƙi, ka kai koke FCCPC ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar Kano, ko ka wuce kotu kai tsaye. Idan ku biyun Musulmi ne, kotun shari'a ma ƙofa ce: a fiƙihun Malikiyya akwai hiyarul aibi, wato zaɓin mayar da kaya saboda tsohon aibin da ba a bayyana ba, amma ci gaba da amfani da kayan bayan ka gano aibin ana iya ɗaukarsa a matsayin ka yarda. Shi ya sa na ce ka ajiye ta.

'Yan sanda fa? Dokarsu ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin ciniki zalla. Sai in an samu zamba a fili, kamar an ja mitar baya, ko takardun kwastan na jabu ne, ko lambar shasi ba ta dace da ta takarda ba. Ka duba waɗannan ukun yau, kafin ka rubuta wasiƙar.